Lasifika a Bakin Kasuwa Ko Shiru a Cikin Majami'a: Wanne Aka Kira Ikkilisiya Ta Yi?

"Baba Fasto, barka da hidima. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa a ikkilisiyarmu, kuma a unguwarmu cuɗe muke da Musulmi. Gardama ta tashi a tsakaninmu. Wasu matasa suna so mu riƙa fita bakin kasuwa duk ranar Asabar da lasifika muna wa'azi, sun ce duk wanda ya ƙi fita kunyar Almasihu yake ji. Dattawa kuma sun ce a'a, su sun ga abin da ya faru a baya, kowa ya riƙe addininsa a cikin majami'a, halin kirki ya isa wa'azi. Ni dai ina tsakiya. Shin an kira ikkilisiya ta bayyana bangaskiyarta a fili? In an kira ta, yaya za a yi ba tare da an jawo fitina ba?"

Ɗana, barka kadai. Wannan gardamar na tarar da ita lokacin da na fara hidima, ga shi kaina ya yi furfura ba ta mutu ba. Tambayoyi biyu ka haɗa a ƙunshi ɗaya. Ta farko, ko wajibi ne ikkilisiya ta buɗe baki a gaban jama'a. Ta biyu, da wace irin murya. A ta farko matasanka sun fi gaskiya. A ta biyu kuwa kada ka yi saurin raina dattawa. Inda duka biyun suka haɗu suka yi kuskure shi ne, kowannensu ya ɗauka "a fili" da "lasifika" abu ɗaya ne, shi ya sa wanda ya ƙi lasifikar yake ganin sai ya haɗa da rufe baki, wanda kuma ya ƙi rufe baki yake ganin sai ya ɗauki lasifika.

Abin da Nassi ya ɗora mana

Ba zan ja ka da nisa a nan ba, don ba wurin shakka ba ne. Umarnin ƙarshe na Ubangiji a Matiyu 28:19-20 shi ne a je a almajirtar da dukan al'ummai. A Matiyu 5 ya ce ba a kunna fitila a kife mata masaki. Da majalisar Yahudawa ta hana Bitrus da Yohanna magana, amsarsu a Ayyukan Manzanni 4:20 ita ce ba za su iya yin shiru a kan abin da suka gani suka kuma ji ba. Shi kansa Yesu, da babban firist ya tuhume shi, cewa ya yi a fili ya yi wa duniya magana, bai faɗi kome a ɓoye ba. Saboda haka maganar "halin kirki ya isa" ba ta tsaya da ƙafarta ba. Maƙwabcina Musulmi yana da halin kirki, wani lokaci har ya fi na wasu da nake ba jibin Ubangiji. In ka shekara talatin kana riƙon amana ba ka taɓa faɗin dalili ba, ranar da ka mutu za a ce "mutumin kirki ne," a tashi. An shaide ka, amma ba a ji labarin wanda ka dogara gare shi ba.

Sai dai ina so ka kai wa matasanka Ayyukan Manzanni sura 19, ku karanta ta a hankali, domin ta fi kama da unguwarku. Bulus ya yi shekara biyu a Afisa yana koyarwa kullum a makarantar Tiranus, ƙofa a buɗe, har labari ya game lardin. Da cinikin maƙeran azurfa ya fara ja da baya, Dimitiriyas ya tara abokan sana'arsa, gari ya ruɗe, aka yi wajen awa biyu ana ihun sunan allahiyarsu. Wanda ya kwantar da tarzomar magatakardan gari ne, ba mai bi ba, kuma ga hujjar da ya kafa: mutanen nan ba su yi fashi a haikali ba, ba su kuma zagi allahiyarmu ba. Ka duba wannan. Shekara biyu mutum yana wa'azi a birnin gunki, da aka zo neman laifinsa ba a sami kalmar zagi ɗaya da za a riƙe ba. Ka kuma duba aya ta 30 da 31: Bulus ya so ya kutsa cikin taron, almajirai suka hana shi, har wasu manyan lardin da suke abokansa suka aiko suna roƙonsa kada ya shiga. Ya kuwa ji maganarsu. Ashe mai wa'azi yana da abokai a cikin masu mulkin da ba addininsu ɗaya ba, ashe kuma akwai ranar da hana shi fita shi ne daidai. Surar ba ta yi alkawarin cewa ladabi zai hana tarzoma ba, tunda an yi tarzomar. Abin da ta nuna shi ne, in fitina za ta zo, ta zo saboda saƙon, kada ta zo saboda kaifin bakinmu.

Bitrus ya faɗi haka a taƙaice a wasiƙarsa ta fari 3:15-16: ku kasance a shirye ku ba da amsa ga duk wanda ya tambaye ku dalilin begen da kuke da shi, amma da tawali'u da ladabi. Kalmar da na fi riƙewa a nan ita ce "ya tambaye ku." Sai wanda kuke gaisawa ne zai tambaye ka.

Yadda bishara ta zauna a ƙasarmu

Tarihinmu ma yana da abin faɗa. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na CMS, ƙungiyar mishan ta Anglikan, ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci ƙasar, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawari a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Likita Mila, wanda yana cikin wancan ayarin, ya sami zama a birnin Zariya a 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa wajen 1929. Mutanen da suka karɓi bishara a hannunsa ba su da yawa, amma ya zauna ya koyi Hausa har ta zama masa kamar ta gado, kuma da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito a 1932. Daga wannan ƙaramin wuri aka sami Likita Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu. A can ne kuma Yakubu Gowon ya tashi.

A sauran wurare, ƙofar da aka buɗe ta jinya ce. Ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a shekarun 1930 a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya fara a 1943, na Galmi a Nijar a 1950, EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, kuma ta samo tushe daga Garkida a 1923. Amma in ka bi diddigi, yawancin ikkilisiyoyin ƙauyukanmu ba Bature ne ya kafa su ba. Masu bishara ne 'yan ƙasa, da keke ko a ƙafa, su sami gona a gari su yi noma tare da mutane, matansu su je rijiya da matan gari. Ko da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya zo a shekarun 1960, aka riƙa fita ƙungiya ƙungiya da waƙoƙi, abin da ya riƙe shi shi ne ƙananan tarukan addu'a na gida gida da mutanen da aka san iyayensu a garin.

Zan faɗi abin da wasu abokan hidimata ba sa son ji. Wannan tarihin ya bar tabo. A wasu wuraren sai marar lafiya ya zauna ya ji wa'azi kafin a ba shi magani, kuma har yau akwai Musulmin da ya yi imani cewa alherin Kirista ƙugiya ce a cikin tsoka. In muna so mu ce a fili muke, to wannan zargin ne ya kamata mu fara wankewa. Ma'anar "a fili" ta farko ita ce babu rufa-rufa. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 4:2 sun rabu da ɓoyayyun abubuwan kunya, ba sa tafiya da makirci. A 2011 Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya da fadar Paparoma da ƙawancen masu bishara na duniya suka fitar da matsaya ɗaya a kan shaidar Kirista a tsakanin mabiya addinai dabam dabam, suka yi tir da yaudara da tilas da cin moriyar talauci ko ciwon mutum. Wuya ne waɗannan ukun su sa hannu a takarda ɗaya, amma a kan wannan sun sa. Saboda haka in kun haƙa rijiya, kowa ya sha ba sharaɗi. In kuna koya wa yaran unguwa karatu da yamma, ku gaya wa iyayensu tun farko me za a koyar, in akwai addu'a ku ce akwai. Kada yaro ya koma gida da waƙar da ubansa bai san an koya masa ba.

Tsoron dattawa

Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya ga Maris na 1987, lokacin da rikici ya tashi daga wani taron ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, ba zai ji kalmar "wa'azi a waje" yadda kai kake jin ta ba. Haka wanda yake Kano a Oktoba na 1991, da aka shirya taron mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, aka cika gari da talla, taron bai yiwu ba, aka rasa rayuka masu yawa. Sai rikicin Kaduna a 2000, sai kisan ɗalibar nan a Sakkwato a Mayu na 2022 a kan zargin ɓatanci. Babu wata kalma da ta halatta zubar da jinin mutum, kuma alhakin kisa yana wuyan wanda ya yi kisan. Ba na so a fahimce ni a karkace. Amma dattijon da ya kwashi gawa da hannunsa yana da haƙƙin a saurare shi kafin a kira shi matsoraci.

Ta fuskar doka kuna da 'yanci. Sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, da 'yancin sauya shi, da 'yancin bayyana shi da yaɗa shi, shi kaɗai ko tare da wasu, a fili ko a keɓe. Sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa ko na jiha. Ku san wannan, ku kuma nemi sanin dokar jiharku a kan taron waje da amfani da lasifika, don jihohi sun bambanta. Amma takarda ba ta tare dutse, kuma ba kowane abin da doka ta halatta ne yake da amfani a kowace rana ba.

Inda nake ganin dattawa sun kauce shi ne, maganin da suka zaɓa yana ƙara ciwon. Dubi Kaduna bayan 2000: kogi ya zama iyaka, Kirista suka tattara kudu, Musulmi suka tattara arewa. Yanzu akwai samarin da suka girma ba su taɓa cin tuwo a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Duk abin da suka sani game da juna daga jita-jita ne da waya. Ikkilisiyar da ta ja ƙofa ta ƙara tsawon katanga ta zama baƙuwa a unguwarta, baƙo kuwa shi ake fara zargi ran da abu ya ɓace. Ku da har yanzu kuke cuɗe, kuna da abin da wasu suka rasa.

Abin da lasifika ta koya mini

A ikkilisiya ta biyu da na riƙe, muna kwanan addu'a kowace Juma'ar ƙarshen wata, da lasifika biyu a kan rufi suna fuskantar unguwa. Ina jin daɗi, a raina bishara ce take shiga gidaje. Wata Asabar da safe ina shara a ƙofar gida sai ga maƙwabcinmu, wani tela, ya zo ya tsuguna muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Har ya miƙe zai tafi, sai ya juyo ya ce, "Fasto, tsohuwa ce ba ta da lafiya, jiya ba ta runtsa ba." Bai ƙara kome ba. Shekara uku yana jin muryata cikin dare, abin da ya isa gidansa daga bakina ke nan: mahaifiyarsa ba ta yi barci ba. Ranar na sa aka sauke lasifikan aka mayar da su ciki. Wasu a ikkilisiya suka ce na ji tsoro. Da yamma muka je da matata gaishe da tsohuwar, muka same ta kwance a tabarma, ga kwanon koko a gefe ba ta taɓa ba. Da za mu tafi na ce ko za su yarda in yi mata addu'a cikin sunan Yesu, don ni haka nake addu'a. Telan ya yi jim, ya ce, "Yi mana." Bai zama Kirista ba, har na bar garin yana sallarsa. Amma a shekarun da suka biyo, a shagonsa, yana taka keke ina zaune a benci, ya yi mini tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi mini daga bakin kasuwa: me ya sa muke cewa Ɗan Allah, ko muna nufin Allah ya yi aure ne, me ya sa muke da Linjila huɗu. Na amsa iyakar sanina, ban sassauta abin da na gaskata ba, shi ma bai sassauta nasa ba.

Kada ka ce ai Musulmi ma suna sa lasifika. Na sani, ni ma an hana ni barci. Amma ba a aiko mu ramuwa ba.

Ban ce wa'azin kasuwa haram ba ne. Akwai garuruwan da aka saba da shi, mai wa'azi ya gama mai tallar magani ya karɓa, ba wanda ya damu. Amma ka tambayi matasanka abu ɗaya: a cikin waɗanda suke son riƙe lasifikar, mutum nawa ne suka taɓa zama da abokinsu Musulmi suka yi masa bayanin bangaskiyarsu ido da ido? Na daɗe da lura cewa wannan ya fi wuya. Lasifika tana ba mutum damar yin magana ba tare da an mayar masa da tambaya ba, har wani lokaci ta zama maɓoya. Kuma mai lasifika yakan hau mota ya tafi, a bar masu unguwa da abin da ya faɗa.

Wuraren da tuni ake sauraronku

Ka lura da zaman makoki. A ƙasarmu ba a gayyatar mutum ta'aziyya, kowa zuwa yake. Ranar da aka yi rashi a gidan mai bi, rabin waɗanda suke zaune a ƙarƙashin rumfa maƙwabta ne Musulmi, sun zo da ƙafarsu, sun yi shiru. Abin da fasto zai faɗa a minti goma a kan tashin matattu ya fi Asabar goma a bakin kasuwa, in dai bai mayar da wurin fagen habaici ba. Na sha jin kunya a jana'iza saboda mai wa'azin da ya ga baƙi ya fara harbi. Haka bikin aure, haka Kirsimeti. Shinkafar da 'yan Zumuntar Mata suke aikawa maƙwabta, da naman layya da ake aiko mana, tsohuwar hanya ce da iyayenmu suka share, kada ku bari ta toshe. In kun kai abinci ku faɗi abin da kuke murna da shi, a taƙaice, ba wanda zai ji haushi.

Sai waya. Yau babbar kasuwar ita ce Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma a nan ne na fi jin tsoro dominku, don magana zarar bunu ce. Ka kafa wa ƙungiyarku doka: mu faɗi abin da muka gaskata game da Almasihu, kada mu taɓa Annabinsu ko Littafinsu da baƙar magana, kada mu tura bidiyon muhawarar da aka shirya don kunyata wani. Wanda ba zai iya bayyana bangaskiyarsa ba sai ya rushe ta wani, bai gama koyon tasa ba.

Akwai kuma wani ɓangaren na fitowa fili da matasa sukan manta. Irmiya 29:7 ya ce a nemi zaman lafiyar birnin da ake zaune a ciki. In magudanar unguwa ta toshe, ko ana zaluntar 'yan kasuwa da haraji, ko an kama yaron maƙwabci ba laifi, muryar ikkilisiya ta fito ko da wanda abin ya shafa ba namu ba ne. In ba ma magana sai an taɓa Kirista, jama'a za su ɗauke mu ƙungiyar kare kai. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikici, da Imam Muhammad Ashafa sun fara aikin sulhu tare a Kaduna a 1995, kuma ba ɗayansu da ya bar addininsa don a zauna lafiya. Amma ku yi hattara da ɗan siyasar da zai zo da babban baiko gab da zaɓe yana neman a ba shi bagade.

Abu ɗaya da ba a fitarwa fili shi ne sirrin wani. In wani ya zo muku da tambaya da dare kamar yadda Nikodimu ya zo wurin Yesu, ba ku ne za ku yi shelarsa ba. Kada a ɗauki hotonsa, kada a tsayar da shi gaban taro don a ji daɗin tafi. Shi zai koma gidan da ku ba za ku kwana ba. In kuma yaro ne da bai kai shekarun girma ba, kada ku karɓe shi a bayan idon iyayensa.

Daga inda nake zaune ba zan iya yanke muku hukunci a kan kasuwarku ba. Yawancin hidimata a garuruwan da ake cuɗe na yi ta, inda ake iya zuwa fadar hakimi a yi magana. Wanda yake ƙauyen da 'yan bindiga suka addaba, ko inda masu bi gida uku ne kacal, lissafinsa dabam ne, kuma shi ya san inda ƙasa take da santsi. Dattawanku sun fi ni sanin unguwar.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Kada ka kai maganar gaban dattawa a matsayin "a fita ko kada a fita," don kowa zai kafe. Ka roƙi biyu daga cikinsu su ba matasa labarin abin da suka gani da idonsu, matasa su yi shiru su ji. Bayan haka ka roƙe su su raka ku, su a gaba ku a baya, ku je gaishe da mai unguwa da limamin masallacin da ya fi kusa da ku, ku ce ku ne matasan majami'ar nan, kuna so ku yashe magudanar bakin kasuwa kafin damina, ko samarinsu za su zo a yi tare. Ku tafi da goro. In an tambaye ku dalili, ku faɗa da sunan wanda ya aiko ku.